Shekara Ɗari na Waƙar Baka a Ƙasar Hausa: Waiwaye Ta Kan Wasu Zaɓaɓɓun Waƙoƙi

Gabatarwa

Tarihin al'umma ba a takardun gwamnati kaɗai yake ba. Wani ɓangare nasa yana bakin makaɗa da mawaƙa, domin su ne suka riƙe sunayen sarakuna da jarumai da 'yan kasuwa, har da talakan da babu wanda ya rubuta sunansa. A wannan maƙala na zaɓo waƙoƙi bakwai da na fi so, domin mu bi sawun sauye-sauyen da waƙar Hausa ta samu daga shekarun 1920 zuwa yau. Zaɓin nawa ne, kuma kowane dattijo yana da nasa.

Zamanin Fada

A farkon wannan zango, mawaƙi na sarki ne. Sarki ke ba shi gida da doki da riga da hatsi, shi kuma ya wasa shi, ya yi wa abokan hamayyarsa zambo da habaici. Ibrahim Narambaɗa Tubali, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu, shi ne madubin wannan zamani. Ban riske shi da wayo ba. A akwatin rediyon mahaifinmu na san muryarsa. Bakandamiyarsa ce zaɓina na farko, saboda a cikinta ya fito da waƙa a matsayin ilimi mai ƙa'ida wanda sai an koya. Salihu Jankiɗi da taushinsa a fadar Sarkin Musulmi, da Musa Ɗanƙwairo Maradun wanda ya rasu a 1991, duk a kan wannan turba suke. Abin lura a nan shi ne 'yan amshi. Su ke karɓa, su ƙara, su ƙarasa wa jagora magana, har waƙa ta zama kamar saƙar mutum goma a kan masaƙa ɗaya.

A wajen fada kuwa, kowace sana'a da makaɗanta: manoma, mahauta, maƙera, 'yan tauri da 'yan dambe. Waƙar Shago ta Ɗan Anace ita ce ta biyu a wurina. Mai saurare zai zaci kirarin ɗan dambe kawai zai ji, sai ya tarar da dogon tunani a kan mutuwa da ƙarewar ƙarfin ɗan Adam.

Zamanin Rediyo da Kaset

Faifan garmaho da rediyo su suka fitar da waƙa daga ƙofar fada. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, gidan rediyon Kaduna kuma a 1962. Daga nan muryar da a da sai a garinsu ake jin ta, ta kai Maraɗi da Kumasi da Garwa a dare ɗaya.

Babu wanda ya ci moriyar wannan sauyi kamar Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923. Da kalangu ya yi wa sarki waƙa, ya yi wa direba da ɗan kasuwa da soja. Tasa Bakandamiyar ce zaɓina na uku, domin duk lokacin da ya rera ta sai ya sabunta ta da abin da idonsa ya gani a wurin. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya rasu a 1999, aka yi masa sutura a Daura.

Ɗan Maraya Jos ya bi wata hanya dabam. Shi kaɗai yake waƙa, ba 'yan amshi, sai kuntigi mai tsirkiya ɗaya. Waƙarsa ta Karen Mota ita ce ta huɗu. Lokacin da nake aikin gwamnati ana yi mini canjin wurin aiki daga wannan gari zuwa wancan, na shiga manyan motoci da dama, na ga wahalar yaran mota da idona, na kuma gane dalilin da ya sa talaka ya riƙe wannan mawaƙi har rasuwarsa a 2015.

Mata ma ba a bar su a baya ba. Hajiya Barmani Coge ta Funtuwa ta fito da kiɗan ƙwarya na amada daga cikin gida zuwa dandali. Waƙarta mai kiran mata su riƙi sana'a ita ce ta biyar. Iyayenmu mata sun ji ta a kaset suna tuyar ƙosai da ƙuli-ƙuli. Ta rasu a 2013.

Zamanin Fiyano da Waya

Finafinan bidiyo na Hausa sun soma da Turmin Danya a 1990. Da fim ɗin Sangaya ya fito a 1999, waƙarsa ta cika kasuwa da gidajen biki. Na sa ta ta shida duk da cewa tsararrakina da yawa sun ƙi ta, domin ita ce kan iyaka. Daga nan fiyano ya karɓi aikin makaɗa, saurayi da budurwa suka riƙa amsa wa juna irin na finafinan Indiya, sutudiyo ya maye gurbin dandali. Cikin wannan zamani aka samu irin su Aminu Ala, wanda ya riƙe tsarin baiti da amsa-amo na rubutacciyar waƙa ya ɗora a kan sabon kiɗa.

Ta bakwai ita ce Jaruma ta Hamisu Breaker, wadda ta bazu a 2020 lokacin kullen korona. Jikokina suka jiyar da ni ita a waya. Ba fada ce ta ɗaukaka ta ba, ba kuma rediyo ba. Jama'a ne suka yi ta tura wa juna.

Kammalawa

Idan aka jera waɗannan waƙoƙi za a ga ubangidan mawaƙi ya sauya sau biyu: daga sarki zuwa attajiri da gidan rediyo, daga nan zuwa kasuwa da 'yan siyasa. Sauyi ba laifi ba ne, amma akwai asarar da ke tafe. Masu iya haɗa kotso da taushi da kuntigi suna ƙarewa, kaset yana cinyewa, kalmomin da ke bakin Narambaɗa kuwa ɗalibi na yau sai an yi masa fassara.

Saboda haka ina kira ga malaman makaranta da su riƙa kawo waƙa ɗaya cikin aji, a saurara, a rubuta, a fitar da baƙin kalmomi, a tambayi tarihin wanda aka yi wa ita. Dattawa kuma masu tsofaffin faifai da kaset a adaka, su ba da su a kwafe tun kafin ƙura da gara su riga mu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya sa mu gama da duniya lafiya.