Daga Dorugu Zuwa Wusasa: Yadda Aka Zaɓo Kalmomin Littafi Mai Tsarki Na Hausa



Yau za mu leƙa wani sashe na tarihin rubutun Hausa da ba kasafai muke tattauna shi ba, wato fassarar Littafi Mai Tsarki, littafin da Kiristoci ke karantawa. Daga nan Nasarawar Burkullu, duk wanda ya yi kudu ya shiga ƙasar Zuru ranar Lahadi zai ji ana karatu da wa'azi da Hausa a majami'u. Haka abin yake a Filato da kudancin Kaduna da Maraɗi. Kalmomin da ake karantawa ɗin nan wasu mutane ne suka zauna suka zaɓe su ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda ya zaɓi kalma a cikin nassi ya riga ya yi rabin tafsiri. Wannan shi ne abin da ya shafe mu a matsayinmu na masu sana'ar kalma.

Aikin ya faro ne daga wani Bajamushe mai suna James Frederick Schön, ma'aikacin ƙungiyar mishan ta CMS. Ya koyi Hausa a bakin 'yantattun bayi a Saliyo, ya kuma shiga ayarin da ya biyo kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. A 1855 matafiyin nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya koma Ingila da samari biyu, Abbega da Dorugu. Shi Dorugu Bahaushe ne daga yankin Damagaram, an kama shi bauta tun yana yaro, aka 'yanta shi a Barno. Schön ya zauna da shi yana rubuta abin da ke fita daga bakinsa. Bisharar Matiyu ta fito a 1857, littafin Farawa a 1858, Sabon Alkawari kuma a 1880. Labarin rayuwar Dorugu yana cikin littafin Magana Hausa na 1885, kuma a Kano ya rasu a 1912.

Wannan fassara ba ta yaɗu a ƙasar Hausa ba, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. An buga ta a Landan da haruffan boko a zamanin da duk mai karatu a ƙasar nan da ajami yake karatu. Shi kuma Schön bai zauna cikin Hausawa a garuruwansu ba, babban madogararsa yaro ne da aka raba da gida tun Hausarsa ba ta gama nuna ba.

Wanda ya kai aikin gaci shi ne likita Walter Miller. Ya fara koyon Hausa a Tarabulus ta ƙasar Libiya, cikin Hausawa mazauna can da mahajjata. A 1900 ya iso Kano tare da Bishop Tugwell, Sarki Alu ya ƙi ba su masauki, suka juya. A 1905 ya samu zama a birnin Zariya, daga baya aka mayar da mishan ɗin Wusasa. Da shi da wasu turawan mishan da malaman Hausa suka yi ta aiki har cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932.

Su wa ke gabansu a lokacin da suke wannan aiki? A 1913 wasu mutane da ake kira Isawa suka zo wurin Miller. A yadda shi Miller ya ba da labari, asalinsu almajiran wani Malam Ibrahim ne na Kano, wanda ya ɗaukaka matsayin Annabi Isa a karatunsa har aka kashe shi a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, ya bar wa mabiyansa magana cewa wasu za su zo da sauran labarin Isa. Waɗanda suka zo ɗin sun ɗauki isowar Miller a matsayin cikar wannan magana. Suka kafa zama a Gimi, ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, sauran suka koma Wusasa. Mutane ne da suka tashi da allo da tawada, kunnensu ya saba da Larabci. Mai fassara wa irinsu dole ya auna kowace kalma da abin da suka riga suka sani.

Shi ya sa masu fassarar suka ɗebo daga rumbun da Hausa ta riga ta tara ta hanyar Musulunci: Allah, Ubangiji, annabi, mala'ika, Attaura, Zabura, zunubi, tuba, gafara. Kada mu ɗauki wannan ƙaramin abu. A Malesiya sai da aka je kotu a kan haka, inda a 2013 aka hana wata jaridar Katolika amfani da kalmar Allah. A ƙasar Hausa kuwa Musulmi da Kirista duk da wannan suna suke roƙo.

Inda aƙida ta rabu, nan zaɓi ya yi wuya. An bar sunan Isa aka ɗauki Yesu. Fassarar 1932 ta ce Yesu Kristi, ta riƙe lafazin da ya fito daga Helenanci. Sabuwar fassarar 1979 ta ce Yesu Almasihu, ta koma ga kalmar da Bahaushe ya sani. Littafin ƙarshe, wanda Kiristoci ke karantawa a matsayin annabcin ƙarshen zamani, sunansa Ru'ya ta Yohanna a 1932, a 1979 ya koma Wahayin Yahaya. Mu saurari bambancin. Ru'ya tana kai hankali ga abin da aka nuna wa mutum ya gani, wahayi yana kai hankali ga saƙon da ya sauko daga Allah. Littafi ɗaya ne, amma tun daga suna an nuna wa mai karatu ƙofar da zai shiga. Haka littafin da aka kira Misalai a 1932 ya zama Karin Magana a 1979, Bahaushe ya ji an kira abin da sunan gidansu.

Akwai kuma inda Hausa ta hutar da masu fassara. A littafin Ishaya, sura ta 7 aya ta 14, akwai annabcin wata mace da za ta haifi ɗa. Kalmar Ibrananci tana nufin yarinyar da ta isa aure, tsohuwar fassarar Helenanci kuma ta sa kalmar da ke nufin wadda ba ta san namiji ba. Kiristoci suna bin Bisharar Matiyu su ce annabci ne a kan Maryamu da haihuwar Yesu, malaman Yahudawa suna cewa magana ce ta zamanin Sarki Ahaz. A 1952 wata fassarar Ingilishi ta fito a Amurka da ma'anar farko, aka yi ta hayaniya har wani fasto ya ƙona shafin a gaban jama'a. Mu kuwa muna da budurwa, kalma ɗaya da ke ɗauke da ma'anonin biyu.

A kan irin waɗannan kalmomi mai wa'azi yake gina darasin yau da kullum. An kira manyan sassan littafin biyu Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari, don haka in fasto ya tashi yin magana a kan amana tsakanin miji da mata ko mai bashi da mai biya, ga karin maganar nan a kusa: alkawari kaya ne. In 'yan Zumuntar Mata suka karanta Zabura ta 23, wadda ta kamanta Ubangiji da makiyayi, ba sai an yi musu bayanin sanda da mashaya ba. Sun ga yadda ake bin sawun tunkiyar da ta ɓata har a dawo da ita.

Wannan tarihi bai yi nisa da namu ba. Daga Wusasa John Tafida ya fito, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafan farko na ƙagaggun labarai da suka biyo bayan gasar 1933.

To, me za mu ɗauka? Kafin mu zaɓi kalma mu tambayi kanmu wa zai karanta, domin ai tambayar da ke bayan Kristi da Almasihu ke nan. In mun samo wani abu daga bakin tsohuwa ko maharbi ko mawaƙi, mu ambace shi in ya yarda. Sunan Schön ne a bangon littattafai, alhali ba don Dorugu ba da aikin bai kai inda ya kai ba.

Sai kuma wanda ya fi damunmu. A labarai da yawa da muke rubutawa, da zarar an sako Kirista sai a sa masa gurɓatacciyar Hausa, ko a cika bakinsa da Turanci. Kirista Bahaushe ko Badakkare yana da kalmominsa: bishara, ikilisiya, sujada, alheri, ceto, Ruhu Mai Tsarki, kuma sun shekara kusan ɗari a rubuce. Ba sai mun yarda da aƙidar mutum ba kafin mu rubuta maganarsa daidai. In maƙwabcinmu ya ɗauki littafinmu ya ga an yi masa ba'a da harshen da yake addu'a da shi, mun rasa mai karatu, wataƙila har da maƙwabci.

Aikin wannan mako: kowa ya rubuta gajeriyar hira tsakanin mutum biyu masu addini daban a kasuwa ko a gidan gaisuwa, kowannensu da kalmomin da zai faɗa da gaske. Wanda bai tabbatar da wata kalma ba ya tambayi mai ita. Sai mun ga rubutunku.