Daga Rugar Nima Zuwa Buhun Harawa: Tarihin Abincin Dabbobi a Zangunan Akra

 A shirinmu na tarihi na wannan mako mun leƙa Akra, babban birnin Gana, don mu ga yadda ciyawar da ake ci kyauta ta zama hajar saye da sayarwa.

Tun kafin zuwan Turawa, kakanninmu ke kora shanu da tumaki zuwa Salaga, su dawo da goro. Da Ingilishi suka ci Asante da yaƙi a 1874, hanyar bakin teku ta buɗe. A 1877 Akra ta zama hedikwatar mulki, sannan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwa, da yawa suka gangaro kudu. Hausawa da Fulani da Yarbawa suka zauna a tsakiyar gari, wajen Tudu da Zongo Lane. Har gobe akwai unguwa kusa da nan mai suna Cow Lane, wato layin shanu. Sunan kawai ya ishe ka labari.

Me ya sa shanu suka zauna a Akra, alhali dajin kudu yana kashe su? Filin da ke kewaye da birnin ba kurmi ba ne. Ruwansa kaɗan ne, ciyawa ce shimfiɗe, ƙudan tsando bai yi yawa ba. Da tsakiyar gari ya cika, a farkon shekarun 1930 wani Bafulatani dillalin shanu, Malam Amadu Futa, ya sami fili daga iyalin Odoi Kwao na ƙabilar Ga, ya kafa ruga a wajen gari. Wannan rugar ita ce Nima ta yau.

To, je ka Nima ko Maamobi yanzu ka nemi inda akuya ɗaya za ta yi kiwo. Babu. Gidaje sun cinye makiyaya, babbar kasuwar shanu ma tana can Turaku, wajen Ashaiman. Amma mutumin Zango bai bar kiwo ba. Ragon layya yana ɗaure a lungu, abincinsa ne ke zuwa ya same shi: ciyawar da samari ke yankowa a bakin hanya, ɓawon rogo da na ayaba daga masu tuwo, dusa, da harawar wake da ta gyaɗa da ake kawowa daga arewa. Idan Babbar Sallah ta faɗo cikin rani, kuɗin ciyarwa kan cinye ribar mai rago. Dillalai sun san wannan ciwon.

Abin da ya faru da Nima shi ne ke faruwa da burtali a ko'ina. Shi ya sa masana suka daɗe suna neman yadda makiyayi zai noma abincin dabbarsa. A Najeriya, a shekarun 1980, cibiyar ILCA ta gwada abin da ake kira bankin ciyawa tare da Fulanin Kachia a jihar Kaduna. A killace fili kamar hekta 4, a shuka wata ciyawa dangin wake mai suna sitailo, da rani a riƙa shigar da shanu masu ciki da masu shayarwa na 'yan sa'o'i kullum. Cibiyar NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ma ta yi dogon aiki a kan irin ciyawa. Ko gambarmu ta kan iyakar gona, da sunanta na Hausa aka san ta har Ostareliya.

Hanya ta biyu ita ce binne ɗanyar ciyawa ta tsimu, wadda Turawa ke kira sailej. Wani manomin Faransa, Auguste Goffart, ya fitar da littafi a kanta a 1877, shekarar da Akra ta zama hedikwata. Aikin ba shi da wuya. Ka yanke masara ko dawa lokacin da ƙwayar ta fara tauri amma karan yana kore. Ka daddatsa ƙanana kamar gaɓar yatsa, ka zuba a rami ko durom ko leda mai kauri, ka tattake sosai, ka rufe ka danne da ƙasa. Sirrin duka shi ne kada iska ta shiga. Zaƙin karan zai koma tsami, tsamin ne ke hana ruɓewa. Bayan mako 4 zuwa 6 ta nuna, kuma in ba a buɗe ba tana iya kaiwa wata damina. Mai kyau tana ƙamshin tsami. Wadda ta yi baƙi ko fumfuna, kada ka ba dabba.

Mutumin Nima ba shi da filin shuka, amma yana da kuɗin saye. Kai da ke da gona da rami a arewa, kai ne mai kayan. Motar da ke ɗaukar shanu ta ratsa Paga zuwa kudu tana iya ɗaukar abincinsu ma. Filin kiwo bai yi sallama da Malam Futa ba kafin ya tafi, kuma ba zai yi da mu ba. A haƙa ramin tun ciyawa na kore. Allah Ya ba mu damina mai albarka.