Ɗan Takara Mai Zaman Kansa a Jamhuriyar Benin, 1990 zuwa 2025

Jamhuriyar Benin, wadda a da ake kira Dahome, tana yamma da Nijeriya, kudu da Nijar. Hausawa sun daɗe da saninta, domin tsohuwar hanyar fatauci ta zuwa Gwanja ta ratsa arewacinta, kuma har yau akwai zanguna a Parakou da Malanville da Kwatano. A fagen siyasa kuwa, ƙasar ta yi suna da abin da ba a saba gani a wannan yanki ba: sau biyu a jere mutumin da ba shi da jam'iyya ya zo ya kayar da manyan jam'iyyu ya hau mulki.

A Nijeriya wannan ba ya yiwuwa. Sashe na 131 na tsarin mulkin 1999 ya ce dole mai neman shugabancin ƙasa ya zama ɗan wata jam'iyya, kuma ita ce za ta tsayar da shi. A Nijar an taɓa ganin ɗan takara mai zaman kansa ya ci zaɓe, wato Janar Ibrahim Ba'are Mainasara a 1996, to amma shi yana kan kujerar da ya ƙwata da bindiga ne ya tsaya, saboda haka nasa ba abin misali ba ne.

Asalin dokar Benin yana komawa ga faɗuwar mulkin jam'iyya ɗaya. Mathieu Kérékou ya yi juyin mulki a 1972, ya rungumi gurguzu a 1974, ya kuma hana kowace jam'iyya sai tasa. Da tattalin arziki ya durƙushe, albashi ya gagara, sai ya yarda aka kira babban taron ƙasa a Kwatano a watan Fabrairu 1990, ƙarƙashin jagorancin wani limamin Katolika, Isidore de Souza. Mutanen da suka yi shekaru ba su da ikon tsayawa takara sai da yardar jam'iyya ba su ga dalilin sake ɗaure kansu da wannan igiya ba. Don haka tsarin mulkin 11 ga Disamba 1990 ya gindaya sharuɗɗa masu sauƙi. Mai neman shugabanci ya zama ɗan ƙasa, shekarunsa daga 40 zuwa 70, yana zaune a ƙasar lokacin zaɓe, sannan likitoci uku da Kotun Tsarin Mulki ta naɗa su tabbatar da lafiyarsa. Ba a ambaci katin jam'iyya ba. Dokar zaɓe ta ƙara da kuɗin ajiya da ɗan takara zai zuba a baitulmali.

Nicéphore Soglo ya kayar da Kérékou a 1991, Kérékou ya dawo a 1996. Amma sai a 2006 aka ga ainihin faɗin ƙofar. A shekarar nan duka dattawan biyu sun haura 70, doka ta fitar da su. Mutum 26 suka tsaya. Daga cikinsu akwai Thomas Boni Yayi, masanin tattalin arziki, haifaffen Tchaourou, wanda ya shafe fiye da shekara goma yana shugabancin Bankin Raya Afirka ta Yamma a Lome. Bai taɓa riƙe kujerar zaɓe ba, ba shi da jam'iyya, sai tarin ƙananan ƙungiyoyi da suka mara masa baya. A zagaye na biyu ya doke Adrien Houngbédji, gogaggen ɗan siyasa mai jam'iyya da tarihi, da kusan kashi 75 cikin ɗari.

Bayan shekara goma abin ya maimaita kansa. A 2016 'yan takara 33 ne, kowa ya zuba sefa miliyan 15. Manyan jam'iyyu suka haɗu a bayan firaminista Lionel Zinsou, amma wanda ya yi nasara shi ne Patrice Talon, attajirin auduga, da kimanin kashi 65 cikin ɗari a zagaye na biyu. Wanda ya zo na uku ma, Sébastien Ajavon, ɗan kasuwa ne mai shigo da kaji, shi ma ba jam'iyya ce ta tsayar da shi ba. Wato dai ƙofar a buɗe take ga kowa a takarda, amma masu kuɗi ne suka fi iya shiga.

Talon bai ɓoye ra'ayinsa ba cewa tsarin ya lalace, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Jam'iyyu sun haura 200, mafi yawansu na mutum ɗaya ne da garinsu. Wasu suna tsayawa ne kawai don su tara 'yan ƙuri'u a zagaye na farko, su yi cinikinsu a na biyu. Aka yi sabuwar dokar jam'iyyu a 2018. Sakamakonta na farko shi ne zaɓen 'yan majalisa na Afrilu 2019, inda jam'iyyu biyu kacal aka bari suka shiga, dukansu masu goyon bayan shugaban ƙasa, suka raba kujeru 83 a tsakaninsu.

Wannan majalisa ce ta gyara tsarin mulki a watan Nuwamba 2019, ta shigo da abin da ake kira parrainage da Faransanci, wato dole ɗan takara ya sami zaɓaɓɓu da za su tsaya masa. Aka ce yana bukatar sa hannun kashi 10 cikin ɗari na 'yan majalisa da magadan gari. 'Yan majalisa 83 ne, magadan gari 77, jimla 160, ke nan mutum 16. An ɗauko dabarar daga Faransa, inda ake neman sa hannu 500. Sai dai a can masu ikon sa hannun sun haura dubu 40, daga jam'iyyu iri-iri, da yawansu ma magadan ƙananan garuruwa ne marasa jam'iyya. A Benin kuwa majalisa duka ta gwamnati ce, kuma magadan garin da 'yan adawa suka samu a zaɓen 2020 ba su kai 16 ba. Duk mai son ƙalubalantar shugaban ƙasa sai ya je wajen mutanen shugaban ƙasa ya roƙi izini.

Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha ta yanke hukunci a ƙarshen 2020 cewa a soke gyaran. Gwamnati ba ta bi ba. A zaɓen 11 ga Afrilu 2021, cikin mutum 20 da suka kai takardunsu hukumar zaɓe ta CENA, uku kawai aka amince da su: Talon, da Alassane Soumanou, da Corentin Kohoué. Talon ya samu kimanin kashi 86 cikin ɗari. Biyu daga cikin waɗanda aka hana, Reckya Madougou da Farfesa Joël Aïvo, an kama su, aka ɗaure ta shekara 20, shi kuma shekara 10.

A watan Maris 2024 aka ƙara ƙulle ƙofar. Adadin ya tashi zuwa kashi 15 cikin ɗari. Tun da kujerun majalisa sun koma 109, jimlar masu sa hannu ta zama 186, ana bukatar 28, kuma sai sun fito daga aƙalla kashi uku cikin biyar na mazaɓun ƙasar. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne wani sabon sharaɗi: ɗan majalisa ko magajin gari ba zai tsaya wa kowa ba sai ɗan jam'iyyarsa, ko wanda jam'iyyar ta zaɓa, ko ɗan wata jam'iyya da suka ƙulla yarjejeniya da ita. Ba a rubuta ko'ina cewa an haramta takarar mai zaman kansa ba. Amma da wannan doka aka yi zaɓen 2016, da Talon kansa bai ga sunansa a takardar ƙuri'a ba sai wata jam'iyya ta ɗauke shi.

Ko masu jam'iyya ma ba su tsira ba. Babbar jam'iyyar adawa, Les Démocrates, wadda Boni Yayi ya jagoranta, ta ci kujeru 28 daidai a zaɓen 2023, ba ƙari ba ragi. A watan Oktoba 2025 ɗaya daga cikin 'yan majalisarta, Michel Sodjinou, ya janye sa hannunsa, saura 27. CENA ta ƙi karɓar ɗan takararta, lauya Renaud Agbodjo, Kotun Tsarin Mulki kuma ta tabbatar da hakan. Sunaye biyu suka rage don zaɓen Afrilu 2026: Romuald Wadagni, ministan kuɗi na Talon a lokacin, da Paul Hounkpè na jam'iyyar FCBE.