Tafkin Legas

Tafkin Legas babban ruwa ne mara zurfi a Jihar Legas, kudu maso yammacin Najeriya. Ya kewaye tsibirin Legas da Ikoyi, inda unguwar Obalende take. Tsawonsa ya haura kilomita 50, kuma a kansa aka shimfiɗa gadar Third Mainland da aka buɗe a 1990.

Ruwan tafkin gauraye ne. Kogin Ogun yana zuba masa ruwan daɗi daga arewa, Tekun Atlantika kuwa yana turo ruwan gishiri ta mashigar jiragen ruwa. Da damina, musamman a Yuni da Yuli, koguna kan cika, gishirin ya ragu. Da rani sai ya ƙaru, saboda ruwan koguna yana raguwa, na teku ya ƙara shigowa, rana kuma tana busar da ruwa ya tashi sama ya zama girgije, gishirin kuma ya tsaya a ƙasa.

Magudanan birnin suna kwararo masa najasa da ruwan masana'antu masu ɗauke da sinadaran naitirojin da fosfaras. Waɗannan taki ne ga tsirrai, amma idan suka yi yawa, gansakuka da kainuwa kan rufe fuskar ruwa. Idan sun mutu suka ruɓe, sai iskar da kifi ke shaƙa ta ragu. Wannan babbar asara ce ga masuntan Makoko da sauran masu cin abinci daga tafkin.

Shara da ake zubawa a kwalbati a Obalende tana toshe hanyar ruwan sama zuwa tafkin, abin da ke ƙara ambaliya a unguwar.