Bar Beach: Filin Shaƙatawar Legas Da Ya Ɓace

Yau ina so mu waiwayi wani wuri da duk Bahaushen da ya zauna a Legas kafin shekara ta 2000 ya san shi, wato Bar Beach da ke Victoria Island. Yaranmu da aka haifa a Agege da Idi-Araba a 'yan shekarun nan sai dai su ji labarinsa, don wurin babu shi.

Da farko dai, kalmar Bar a nan ba gidan giya take nufi ba, kamar yadda na sha jin wasu 'yan uwa suna faɗa. Sunan tudun yashin da ke bakin mashigar ruwan Legas ne, wanda ya daɗe yana hana manyan jiragen ruwa shigowa. Don maganin wannan ne Turawan mulkin mallaka suka soma gina dogayen ganuwoyi na dutse cikin teku tun wajen 1908. Jirage sun samu hanya, amma an taɓo wata matsalar. Igiyar ruwa a gaɓarmu daga yamma take kwaso yashi ta kai gabas, sai ganuwar ta tare shi. Yashi ya yi ta taruwa a ɓangaren Tarkwa Bay, ita kuwa Bar Beach teku na cinta ba mai mayar mata. Ashe tun kafin ta yi suna an riga an haƙa mata rami.

Duk da haka, daga shekarun 1960 zuwa na 1990 babu wurin shaƙatawa kamarta a Legas. Ranar Kirsimeti ko yawon Sallah ba masaka tsinke. Ga masu kiɗa, ga masu hoto, ga 'yan cocin nan masu fararen riguna suna addu'a da kyandir. Har shirin talabijin aka yi da sunanta a shekarun 1970, wanda Art Alade ya gabatar. Mutanenmu kuwa su ne da dawaki, a ɗora yaro a zaga da shi a ba ka na goro, ga masu tsire da masu sayar da kayan fata. Ba a tambayar kai ɗan wane ne, ɗan dako da babban ma'aikaci yashi ɗaya suke takawa.

Sai dai wurin yana da wani tarihin marar daɗi. Bayan yaƙin basasa gwamnatin Gowon ta kafa dokar 1970 mai hukuncin kisa ga 'yan fashi da makami, aka riƙa ɗaure su a jikin durom ana harbewa a bainar jama'a. A nan aka harbe Ishola Oyenusi ranar 8 ga Satumba, 1971, dubban mutane na kallo. Haka wasu daga cikin waɗanda aka samu da hannu a juyin mulkin da ya ci ran Janar Murtala, a nan aka harbe su cikin Maris 1976. Ni dai har yau ina mamakin yadda aka haɗa filin wasan yara da filin kisa, kuma mutane suka riƙa zuwa kallon duka biyun.

A farkon shekarun 2000 ruwa ya kai ga malalowa kan titin Ahmadu Bello. Daga 2008 aka soma cike tekun da yashi don gina sabon birnin Eko Atlantic, tare da katangar dutse mai tsawon kilomitoci, kuma a Fabrairun 2013 Shugaba Jonathan da Bill Clinton suka halarci bikinsa. Gaskiya katangar ta ceci Victoria Island, wannan ba na musu. Abin da ban gani ba shi ne wani fili da aka bai wa talaka a madadin wanda ya rasa. Kuramo da ke maƙwabtaka an rushe ta bayan ambaliyar Agustan 2012, Landmark kuma aikin titin Legas zuwa Kalaba ya bi ta kanta a 2024.

Masu dawakin namu wasu sun koma Elegushi da sauran wuraren Lekki, inda sai ka biya a ƙofa kafin ka ga ruwa. Duk wanda ya yi sana'a a Bar Beach a cikinku, don Allah ya rubuto mana abin da ya tuna.