Jita-jita da Gogayya a Tarihin Kyamarar Dijital

Duk mai bin tarihin sana'ar ɗaukar hoto zai lura cewa labarin sabuwar kyamara kan riga ta isa kasuwa da watanni. Tun kafin Canon ko Nikon su ce uffan, an fara raɗe-raɗi a kan siffarta da farashinta da ranar fitowarta. Dalilin da ya sa ƙwararru ke kasa kunne ga irin wannan magana yana cikin yadda aka ƙera kyamarar kanta.

Kyamarar ƙwararru kashi biyu ce: gangar jiki, da gilashin da ake ɗaura mata a gaba. Kowane kamfani yana da irin bakin da gilashinsa ke shiga, don haka gilashin Canon ba ya hawa Nikon kai tsaye. Mai hoto kan shafe shekaru yana tara gilasai, har kuɗinsu ya zarce na gangar jikin nesa ba kusa ba. Idan kamfaninsa ya koma baya, ko dai ya yi haƙuri ya jira, ko ya sayar da kayansa da hasara. A tsakanin jira da sayarwa ne jita-jita ta sami gurbi.

Masu hoto sun koyi wannan darasi tun zamanin fim. Nikon ta fito da bakinta mai suna F a 1959. Bayan da Minolta ta girgiza kasuwa a 1985 da kyamarar da ke saita hoto da kanta, sai Canon ta yi kasada a 1987: ta watsar da tsohon bakinta na FD, ta kawo sabon tsari na EOS. Tsofaffin gilasai ba su shiga sabon baki ba, masu su kuwa suka fusata. Amma saurin sabon tsarin ya jawo mata ɗimbin masu ɗaukar hoton wasanni a shekarun 1990. Nikon ta riƙe bakinta na da.

Da dijital ta zo, gogayyar ta ƙara zafi. Injiniyan Kodak, Steven Sasson, shi ya haɗa kyamarar dijital ta farko a kamfanin a 1975, amma Japanawa ne suka ci moriyar kasuwar. Nikon ta fitar da D1 a 1999. A 2002 Canon ta mayar da martani da EOS-1Ds, wadda na'urar kama haskenta ta kai girman fim na milimita 35. Nikon ta yi shekara biyar ba ta da irinta, sai a Agustan 2007 ta sanar da D3. A wannan tsakani, duk maganar da ta nuna amsa na nan tafe ta zame wa Nikon alheri, domin mai sa rai ba ya saurin sauya sheƙa.

Sai dai jita-jita tana da nata sharri ga kamfani. Da zarar an ji sabuwa na hanya, ta yanzu sai ta yi kwantai a kanti. Shi ya sa ake sa masu gwajin kyamara su rattaba hannu a kan yarjejeniyar rufe baki. Duk da haka labari kan tsiyayo, daga takardun rajistar ƙirƙira, ko daga hukumomin sadarwa da ke tantance na'urori, ko daga dillalai. Ruwa ba ya tsami banza, ko da yake ba kowane labari ne ke tabbata ba.

Abin da ya faru a 2018 ya isa misali. Sony, wadda ta karɓi sashen kyamara na Konica Minolta a 2006, ta fito da A7 a 2013, kyamara marar madubi a ciki. Shekara biyar ana hasashen yaushe manyan biyu za su biyo baya. A ƙarshe Nikon da kanta ta shiga sakin gajerun bidiyoyi masu nuna inuwar kyamarar, kafin ta bayyana Z6 da Z7 ranar 23 ga Agusta. Canon ta sanar da EOS R ranar 5 ga Satumba. Dukansu sun sauya baki, amma kowannensu ya tanadi mahaɗin da zai karɓi tsohon gilashi, don kada a maimaita fushin 1987.

Yayin da hankali ya karkata ga wannan takara, wayar salula tana cin kasuwar ta ƙasa. Alƙaluman ƙungiyar masana'antun kyamara ta Japan, CIPA, sun nuna an fitar da kyamarori kimanin miliyan 121 a 2010, amma a 2020 ba su kai miliyan 9 ba. A shekarar ce Olympus ta sanar da sayar da sashen kyamararta, aka kuma dakatar da Photokina, baje kolin birnin Kolon na Jamus, inda tun 1950 ake zuwa don gani ya kori ji.