Zuciya da tunani: daga zikirin Kabara zuwa koyarwar ikkilisiya

A harshen Hausa, zuciya ta wuce tsokar nan mai bugawa a ƙirji. Ita ce ke saƙa, ita ce ke raya wa mutum abu, ita ce ke tafasa. Hankali kuma shi ke tashi, shi ke kwanciya. Harshen da kansa ya shaida cewa abin da ya same mu ba ya isowa gare mu kai tsaye, sai ya bi ta cikin tunani. 'Yan kasuwa biyu a Kurmi za su ji labari ɗaya, cewa farashin kaya ya sake hawa. Ɗaya ya kwana yana lissafin yadda zai rage saro, ɗaya ya kwana yana hangen 'ya'yansa suna bara. Labarin ɗaya ne, amma darensu ya bambanta.

A cikin birnin Kano akwai unguwar da aka daɗe ana nazarin wannan batu. Kabara tana kusa da Gidan Rumfa, fadar Sarkin Kano, kuma ta samo sunanta daga Malam Umaru Kabara, malamin da asalinsa ke komawa garin Kabara na kusa da Tambutu, a ƙasar Mali ta yau. Nan ne cibiyar ɗariƙar Ƙadiriyya, wadda ake dangantawa da Shehu Abdulƙadir Jilani, wanda ya rasu a Bagadaza a 1166. Shehu Nasiru Kabara ya jagorance ta har rasuwarsa a 1996, ɗansa Shehu Ƙaribullah ya gaje shi. Yawancinmu abin da muka sani game da su shi ne amon bandiri da Maukibi, jerin gwanon da ake yi kowace shekara a watan Rabi'us Sani. Amma a bayan wannan akwai koyarwa a kan zuciya.

Sufaye suna cewa babbar cutar ɗan Adam ita ce gafala, wato ya rayu bai lura da abin da ke gudana a cikinsa ba. Maganinta a wurinsu zikiri ne, ambaton Allah ba fasawa, har wani lokaci a haɗa shi da shigar numfashi da fitarsa. Suna bambanta rai mai umurni da mugunta, da rai mai zargin kansa, da rai natsattse. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kwatanta zuciya da madubi mai yin tsatsa, ya kuma nuna yadda ɗan tunani mai giftawa yake zama sha'awa, sha'awa ta zama niyya, niyya ta zama aiki.

Ba mu kawo wannan don mu ce bangaskiyarmu ɗaya ce da tasu ba. Mun kawo shi domin masu bi da yawa sun ɗauka lura da tunani al'adar wasu ce, alhali ikkilisiya ta gaje shi tun da daɗewa, a nan Afirka ma. Ibagiriyus, wanda ya yi zaman kaɗaici a hamadar Masar ya mutu a 399, ya lissafta tunani takwas masu addabar mai addu'a: haɗama, fasikanci, son kuɗi, baƙin ciki, fushi, kasala, son yabo da girman kai. Ya koyar cewa zuwansu ba a hannunmu yake ba, amma ba su masauki a hannunmu yake. Wannan bambancin ya isa ya sauke wa mutane da yawa kaya, musamman matasan da ke ganin kowane mugun tunani da ya gifta musu zunubi ne da suka riga suka aikata.

Littafi Mai Tsarki ya riga ya aza harsashin. A Markus 7 Ubangiji Yesu ya nuna cewa abin da ke ƙazantar da mutum daga zuciya yake fitowa. A Romawa 12:2 Manzo Bulus ya ɗora sākewar hali a kan sabunta hankali, a Filibiyawa 4 kuma ya jera abubuwan da ya kamata mai bi ya riƙa tunani a kansu. Yana tsare ne lokacin da ya rubuta wannan wasiƙa.

Tambaya mai wuya ita ce ko kwanciyar rai tana cikin mutum tun asali. Wani mai walda ɗan Sikotilan, Sydney Banks, ya fara koyar da haka a Kanada bayan 1973: kowa yana da lafiyar rai a cikinsa, tunani ne ke rufe ta, in ya lafa sai ta bayyana, kamar ruwan tulu da ya kwanta. Musulmi suna da kalmar fiɗira, tsarkakakkiyar halittar da aka haifi kowa a kanta. Mu ma muna riƙe da cewa an halicci mutum cikin siffar Allah, kuma ba abin da ya shafe wannan daraja. Sai dai muna riƙe da faɗuwar mutum kuma, Irmiya 17:9 ya gargaɗe mu cewa zuciya mayaudariya ce. Don haka salamar da Filibiyawa ke magana a kai kyauta ce da ake karɓa cikin Almasihu, ba rijiya ba ce da mutum zai haƙa a cikin kansa shi kaɗai.

Akwai kuma haɗarin da muke gani a ikkilisiyoyinmu. Da zarar an ce tunani ne ke tsara abin da muke ji, sai a juya maganar ta zama bulala. A ce wa gwauruwar da aka kashe mijinta a gona ta daina mummunan tunani, ko a ce wa mai ciwon damuwa bangaskiyarsa ce ta yi ƙaranci. Wannan zalunci ne. Yunwa ba tunani ba ce, haka ma rashin da aka yi. Sa'ad da annabi Iliya ya gudu jeji ya roƙi mutuwa, a 1 Sarakuna 19, mala'ika bai yi masa wa'azi ba. Ya ba shi gurasa da ruwa, ya bar shi ya yi barci, ya sake ciyar da shi, sai daga baya Allah ya yi magana da shi a Horeb.

In ɗan'uwa ya yi mako biyu ko fiye ba barci, ba cin abinci, ba abin da ke faranta masa rai, ko yana jin muryoyi, ko yana ambaton kashe kansa, a yi masa addu'a, a kuma kai shi wurin likita ba tare da jinkiri ba. A Kano akwai asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa a Dawanau, akwai kuma sashen wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Kada a bar shi ya tafi shi kaɗai. Wani daga cikin dattawa ko zumuntar mata ya raka shi.